Jiƙo ko Ƙwaya? Muhawara a Zauren Zuri'armu na Katsina

Kawu: Assalamu alaikum. An ce Auta tana tsamo sinadari daga ganyen sabara a jami'a. Ni tun ina saurayi nake haɗa magani a Ƙofar Marusa, kuma abin da na sani shi ne, duk abin da aka zare daga jikin ganye aka raba shi da abokan haɗinsa, an kashe shi. Yadda Allah Ya halicci ganye, haka ake shansa.

Auta: Wa alaikumus salam, Kawu, ina wuni. Ba kashe shi muke yi ba, so muke mu san me ke aiki a ciki. Na shanya ganyen a inuwa, na daka, na jiƙa garin cikin etanol, wani ruwan sinadari irin sifirit, kwana 3, na tace, na ƙafar da ruwan har ya bar wani abu baƙi mai danƙo a gindin kwalba. Da na ɗiga shi kan faranti mai farar hoda, ruwan sinadari ya hau da shi, sai ga launuka sun jeru, kore da rawaya da ruwan ƙasa.

Kawu: To ai kin faɗi maganata, 'yata. Taro ne. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Yaya Babba: Allah Ya ƙara girma, Kawu, amma a dubi zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar da muke ba marasa lafiya kullum, asalinta wani ganye ne dangin tazargade a ƙasar Sin. Masu bincike sun yi ta tafasa shi, sakamako ya ƙi tsayawa. Sai wata mata, Tu Youyou, ta ga a tsohon littafinsu cewa jiƙawa ake yi a matse, ba dafawa ba. Ta gane zafi ke lalata maganin. A 1971 ta tsamo shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya yi aiki, kuma a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Haka kwinin, a 1820 aka ware shi daga ɓawon itace a Faransa, daga nan aka iya auna shi.

Gwaggo: Wannan aunawar ita ce damuwata. Bara jikana ya kwanta, na dafa masa bedi da tazargade. Zafin ya sauka, kwana 4 ya dawo har da jijjiga. A kan kafaɗata muka kai shi asibiti, idonsa ya kakkafe. Ban raina ganye ba, da shi aka rene mu, amma wa zai gaya mini kofi nawa ya dace da ɗan shekara 3?

Yaya Babba: Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da shayin ganyen nan dangin tazargade wajen maganin zazzaɓin cizon sauro. Ƙarfinsa yana bambanta daga gona zuwa gona, kuma idan bai kai ba, ƙwayar cutar na iya sabawa da maganin.

Baffa: Kada dai a danne Kawu. Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar, haɗin tsirrai 4 ne, har da masoro da kanumfari da karan dafi, kuma daga hannun mai maganin gargajiya aka karɓo shi. Ba a ware sinadari guda ba.

Auta: Gaskiya ne, Baffa. Amma an gwada shi, an tsayar masa da ma'auni.

Kawu: Ma'aunin ban ƙi shi ba, zancen jikan nan ya taɓa ni. Abin da ke cina shi ne a zo a tambaye mu, mu faɗa, a tafi a rubuta, sunanmu ya ɓace. Kuma har gobe ina nan kan bakana, sabarar rani daban take da ta damina.

Auta: Wannan kam ana iya gwadawa, Kawu. A ba ni duka biyun in ɗora su kan faranti ɗaya, kuma sunanku zai shiga aikin.

Kawu: Akwai ta rani a buhu. Ki zo ranar Juma'a bayan la'asar, ki taho da farantin in gani da idona.