Tsofaffin kwamfutocin shagona: in bai wa baban bola ko yaya zan yi?

Mai Fotokwafi na Yelwa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon buga takardu a Yelwa, nan Bauchi, kusa da ɗalibai. Bana na sauya na'urori, tunda Windows 10 ma an daina sabunta ta tun Oktoban 2025. Yanzu ga kwamfutocin tebur shida jibge a ɗakin baya, da monita uku irin masu ƙusumbin nan, da firinta biyu, da batiran UPS da suka kumbura. Mai ɗakin haya ya matsa in kwashe. Wani baban bola ya zo ya ɗaga ɗaya ya jijjiga, ya ce zai saya a kilo. Kuɗin bai kai ya kawo ba, amma ba shi ne damuwata ba. A cikinsu akwai hotunan fasfo na jama'a, da takardun NIN, da rajistar JAMB, da furojet ɗin ɗalibai. Yarona ya ce ya yi musu fomatin, shi ke nan. Haka ne?

Injiniyan Wunti:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaronka bai gama aiki ba. Fomatin na gaggawa jerin sunayen fayil kawai yake sharewa, kayan suna nan kwance. Da manhajar kyauta nake dawo wa mutane hotunan bikin da suka goge, to haka wani zai dawo da NIN ɗin kwastomanka. Kwance sukurori, ciro had-dis ɗin kowace, wato ma'ajiyar bayananta, ƙarfe ne kamar girman tafin hannu. Wanda za a sake amfani da shi, a bi shi da manhajar da ke rubuta sifili a kansa tun daga farko har ƙarshe, irin su DBAN. Wanda ya mutu, a huda shi da na'urar huda ƙarfe wuri uku ko huɗu har ta ratsa faifan ciki. In akwai SSD, wato sabuwar ma'ajiyar bayanai marar faifai, huda ɗaya ba ta isa, sai an farfasa baƙaƙen ƙwayoyin da ke kan allon. Kada ka manta akwai dokar kare bayanai ta 2023. Amanar takardun nan a wuyanka take, ba a wuyan baban bola ba. Manyan injinan fotokwafi ma wasu na da had-dis a ciki.

Ɗan Gwangwan:
Ku dai kullum baban bola ne abin zargi. Ba don mu ba da kwatocin garin nan sun toshe da ƙarfe. Alhaji, kada ka sayar a kilo gaba ɗaya, za ka yi asara. Allon cikin kwamfuta kuɗinsa daban, jar waya daban, alminiyam daban, batir daban. Ware su ka yi ciniki ɗaya bayan ɗaya.

Malama Mai Kimiyya:
Ɗan Gwangwan, ba wanda ya raina sana'arku, Allah ya sa albarka. Amma ka faɗa mana gaskiya, yaya ake fitar da jar wayar? Ba wuta ake cinna wa robar ba? Bayan layinmu yara ne ke tsugune a kan hayaƙin, baƙi ƙirin, suna juyawa da sanda, idanu jawur. Hayaƙin robar nan guba ne. Monita mai ƙusumbi kuwa gilashinta cike yake da dalma, batiran UPS dalma ce da ruwan asid, kuma asid ɗin a ƙasa ake tsiyaye shi, kusa da rijiyoyin mutane. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Can haƙar zinare ce ta jawo, amma dalmar dai ita ce. Waya feɗe ta ake yi da wuƙa, ba ƙonawa ba.

Alhaji, ka kai batiran wurin masu sayar da batirin sola da ke karɓar tsoho a musaya, kada a fasa su. Monitocin ka bar su yadda suke, ka leƙa ofishin hukumar kare muhalli ta jiha, BASEPA, ko ta tarayya, NESREA, ka tambayi mai tara irin wannan shara da ke da rajista. Akwai ƙungiyar EPRON da ke haɗa masu tarawa da kamfanonin sarrafawa irin su Hinckley a Legas. Nesa ce, na sani, shi ya sa zai fi kyau ku masu shaguna ku tara kaya wuri ɗaya a yi lodi guda.

Ɗan Gwangwan:
Malama, feɗewa na cin lokaci, shi ya sa yara ke ƙonawa. Amma wayar da aka feɗe ta fi tsada a sikeli, wannan gaskiya ne.

Mai Fotokwafi na Yelwa:
Na gode ƙwarai. Biyu daga ciki suna tashi lafiya, Islamiyyar unguwarmu na so. Injiniya, za su yi wa yara?

Injiniyan Wunti:
Za su yi, in an goge su an sa musu Linux Mint, manhajar kyauta a madadin Windows, koyon bugu da lissafi ba ya buƙatar ƙarfi. Sai dai kada ka haɗa musu da matattun da sunan sadaka. Kawo su shago bayan La'asar, ka taho da had-dis ɗin sauran huɗun a leda.