Idan assert ɗin kansa ya fashe, manhajar bincike ta ce me?

Ɗan_Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta ɗan furogiram da yaren C na adashen matan unguwarmu, sai na sa assert(jimla / mambobi >= 0), wato layin da ke tsayar da furogiram in sharaɗin da ke cikinsa bai cika ba, to in mambobi ya zo 0 fa? Tunda raba lamba da sifili ba shi da amsa, manhajar da ke duba kod ɗin za ta ce gaskiya ne, ko ƙarya, ko me? Kaina ya ɗaure wallahi.

Hajjo_Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni dai in assert ya fashe a tsakiyar lissafinsa so nake a ce min kuskure ne kawai, kar a lanƙwasa min shi ya koma gaskiya ko ƙarya. Kuma ba ni kaɗai ba, Patrice Chalin na jami'ar Concordia a Kanada ya tambayi masu rubuta furogiram a 2005, yawancinsu haka suka ce. Amma gyara naka mana, ka sa mambobi != 0 && a gaba, wato sharaɗi biyu a haɗe, a C in na hagu ya zama ƙarya ba a ma leƙa na dama.

Malam_Injamena:
Hajjo a hankali dai, ba duk manhaja ke tunani irin naki ba. Ki duba Frama-C, mai bincikar kod ɗin C, na hukumar bincike ta CEA a Faransa, a yarensa na rubuta sharuɗɗa ACSL in kin rubuta 1/0 == 1/0 gaskiya ne a wajensa, don yana ɗaukar 1/0 wata lamba ce da ba wanda ya san ta amma dai daidai take da kanta, kuma hakan ne ke sauƙaƙa kafa hujja tun ba a kunna furogiram ɗin ba. Sai E-ACSL, ɓangaren Frama-C mai dubawa lokacin da furogiram ɗin yake gudu, shi ne zai tsaya ya ce an raba da sifili.

Hajjo_Marwa:
To ai matsalar kenan Malam, magana ɗaya fassara biyu. Mu masu rubutawa abin da inji zai yi muke gani a kanmu, ba mantiƙin littafi ba.

Bappa_Ngaundere:
Ɗan_Garwa kar ka manta, in an haɗa kod da zaɓin NDEBUG assert ɗin C ɓacewa yake gaba ɗaya, Python ma haka da -O, Java kuwa sai ka kunna da -ea. Kuɗin mata ne fa, sefa ɗaya ta ɓata za su zo ƙofar gidanku, ka sa if na gaske ya duba ko mambobi 0 ne kafin a raba.

Ɗan_Garwa:
Na gode Bappa, if ɗin zan sa yanzu. Malam, Frama-C ɗin zai hau tsohuwar kwamfutata kuwa?