Muhawara: Sai da OpenWrt ake raba intanet ɗin gida?

Injiniya: Jama'a, ina nan kan bakata. Duk mai kyamarar tsaro a gida, ga 'yan haya ko yaran shago suna hawa wayfai ɗinsa, dole ya cire manhajar da rauta (na'urar raba intanet) ta zo da ita ya sa OpenWrt, wata manhajar rauta da mutum ke sawa da kansa, ya raba layin da VLAN, wato tsarin da ke kasa layi ɗaya zuwa ɓangarori daban-daban. Kyamara a ɓangarenta, baƙi a nasu, kwamfutar da ake shiga banki da ita ita kaɗai. Ku tuna muguwar manhajar nan Mirai a 2016. Kyamarorin da ba a taɓa canza musu kalmar sirrin masana'anta ba aka tattara aka kai wa Dyn, kamfanin da ke sada masu lilo da adireshin shafukan intanet, hari, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka.

Mai gyaran waya: Ranka ya daɗe, wannan "dole" ɗin ne ban yarda da shi ba. Yawancin rautocin kasuwa suna da layin baƙi. Ka kunna, ka hana shi ganin sauran na'urori, magana ta ƙare. Kai ka iya filashin, wato sauya manhajar rauta, amma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, sau da yawa rautar ba ta ƙara tashi. Mu ake kawo wa su. Kuma masu arahar nan da ma'ajiyarsu 4MB, RAM 32MB, OpenWrt ta daina tallafa musu bayan sigarta ta 19.07.

Injiniya: Ƙanena, layin baƙi a yawancinsu wayfai kaɗai yake rufewa. Na'urar da ke naɗar bidiyon kyamara fa, wadda aka jona da waya? Tana nan tsundum cikin layin iyali.

Malama: Ku tsaya, akwai abin da ku biyun kuka tsallake. VLAN ba katanga ba ce ita kaɗai. Ƙa'idar 802.1Q, wadda VLAN ke aiki da ita, lamba kawai take liƙa wa kowane ƙunshin bayanai, daga 1 zuwa 4094. In ba ka rubuta dokar katangar tsaro da za ta hana ɓangarorin magana da juna ba, rautar da kanta za ta iya sada su, kai kuwa kana barci kana zaton ka kulle ƙofa. Sannan kafin a zaɓi manhaja, a duba ƙwaƙwalwar wayfai ɗin rautar. In ta kamfanin Broadcom ce, wayfai ba ya tafiya da kyau a OpenWrt, gara wasu manhajojin kamar DD-WRT ko FreshTomato. In MediaTek ce ko Qualcomm Atheros, OpenWrt ta fi dacewa. A kula kuma, tun sigar OpenWrt ta 21.02 rautoci da yawa sun koma sabon tsarin saita VLAN mai suna DSA, don haka tsofaffin bidiyon koyarwa masu tsohon tsarin swconfig ruɗa mutum za su yi.

Hajiya: To Malama, ni damuwata firinta da talabijin. In na ware su, wayar 'yata za ta gan su?

Malama: Ba za ta gani ba, Hajiya, sai an sa wata manhaja mai suna avahi ta riƙa miƙa sanarwar mDNS, wadda na'urori ke gano juna da ita, tsakanin ɓangarorin, a kuma buɗe musu hanya a katangar.

Mai gyaran waya: Kun ji ko? Wa zai zo ya gyara wa Hajiya wannan in ya rikice da daddare?

Injiniya: Sau ɗaya ake saitawa, a ajiye kwafin saitin. Hajiya, ki juya rautar ki karanto mana samfurinta da lambar sigarta, mu ga ko tana cikin jerin OpenWrt tukuna.