Shamuwa ko meteo: wa ya fi sanin daminar Damagaram?

Kawu na Mirya: Salamu alaikum jama'a. Yau kwana huɗu ke nan da shamuwa ta sauka kan tsamiyar bayan gidana, ni dai na fiddo iri. Magana ɗaya zan faɗa, mai jin haushi ya ji. Wannan meteo, ma'aikatar hasashen yanayi da kuke ta turo mana sanarwarta, ba don manomi aka yi ta ba. Nasara ne ya kafa ta don jirginsa ya san inda zai sauka. In ƙarya nake, me ya sa tasharta ta Damagaram take filin jirgi, ba a bakin gonar kowa ba? Kakanninmu da shamuwa da iskar bazara da lissafin watan bakwai suka yi noma, kuma rumbu ya cika.

Mushe mai ritaya: Wa alaikumus salam. Kawu, rabin maganarka gaskiya ce. Zamanin Faransa aka fara awon ruwan sama a garin nan, tun kafin a ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram a mai da shi Yamai a 1926. Kuma har yau akwai meteon jirage, wadda ke tafiya da ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da aka kafa a 1959. Sai dai kada a haɗa ta da hukumar meteo ta ƙasa, DMN, mai hedikwata a Yamai, wadda ruwan manomi yana cikin manyan ayyukanta. Batun cikar rumbu kuwa, Kawu, a shekarar yunwar Kakalaba, 1913 zuwa 1914, shamuwa ba ta zo ba ne?

Kawu na Mirya: Mushe, ka fara halin naka na lakwal. Kakalaba ƙaddara ce. To a farin 1973 da na 1984 ai meteon tana nan, me ta tare?

Mushe mai ritaya: Ba ta tare komai ba, ma'auni ba ya jawo hadari. Amma farin na farko ne ya sa ƙasashen Sahel suka kafa CILSS, hukumar yaƙi da fari, a 1973, shekara ta zagayo aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, inda ake horar da masu awon ruwa da masu lura da amfanin gona. Nufin shi ne kada yunwa ta sake shigo wa mutane ba sallama. In an gane tun watan Agusta cewa Damargu ba za ta yi hatsi ba, akwai sauran lokacin neman abinci kafin rani.

Alaramma na Birni: Ni ba jirgi ne damuwata ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne mutum ya zauna a buro ya ce gobe za a yi ruwa. Ƙarshen Suratu Luƙman ya lissafa saukar da ruwa cikin abubuwan da Allah ya keɓe wa kansa. Kuma hadisin Zaidu ɗan Khalid a Hudaibiyya sananne ne, kan wanda ya ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa.

Malamar gona: Allah gafarta Malam, ba ni da bakin jayayya da ku a karatu, tambaya ce kawai. In Kawu ya ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta juya, ya ce wa yara su kwashe shanya, ya shiga gaibu? Abin da ma'aikacin meteo ke yi bai wuce wannan ba, illa shi idonsa ya fi nisa. Tauraron ɗan adam na Meteosat yana nuna masa hadarin tun yana wajen Tafkin Cadi, ya san irin wannan hadari yamma yake nufa, ya ƙiyasta saurinsa, ya ce mai yiwuwa ya iso Gure da la'asar, Damagaram da dare. Wani lokaci ya iso, wani lokaci ya watse a hanya.

Alaramma na Birni: In haka ne, 'yata, to alama ce yake karantawa, kuma malamai ba su hana karanta alama ba. Mu ma muna lissafin taurarin damina, su Nasara da Ɗarfa da Jabha, a matsayin lokaci, ba a matsayin mai bayarwa ba. Sharaɗina ɗaya, ya riƙa cewa in sha Allahu.

Na Tanut: Ni bara na yi asarar tiya shida ta iri. Wata murya aka turo a WhatsApp, mai maganar ya ce daga manya ya ji, damina za ta sauka da wuri. Na yi binne, aka yi ɗan yayyafi, hatsi ya tsiro, sai sama ta ɗauke kusan mako uku. Duk ya ƙone.

Malamar gona: Allah ya mayar da alheri, Yaya. Amma muryar nan wa ya yi ta? Ba suna, ba ranar da aka naɗe ta, ba a ce ga yankin da ake nufi ba. Wata ma tsohuwa ce ake sake yaɗawa, wata kuma ta Kano ce ko Katsina, inda ruwa ke riga mu sauka. Ko a cikin jihar nan, Magarya da Matamai suna shuka kafin ku, don damina daga kudu take hawowa. Magarya kan samu kusan milimita 600 a shekara, Damagaram wajen 400, Tanut ƙasa da haka sosai. Hasashe ɗaya ba zai yi wa dukanku riga ba.

Hajiya 'yar Zongo: Ku dakata. Ni wannan milimita da ake karantowa a Muryar Sahel, gari kaza 12, gari kaza 35, tun ina yarinya nake ji, ban taɓa sanin ko nawa ne a tulu ba.

Malamar gona: Inna, ki auna fili taki ɗaya babba a tsawo, taki ɗaya a faɗi, wato mita ɗaya kowane gefe. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan wannan filin. In an ce 20, jarka guda ta lita 20 aka juye masa. Kuma 20 ɗin nan ita muke gaya wa manoma su jira kafin shuka, ko a ruwa ɗaya ko cikin kwana biyu zuwa uku. Abin da tsofaffi ke yi ne in sun tona ƙasa da hannu su ga inda laima ta kai.

Kawu na Mirya: Ka ji! Ashe tonon da nake yi ne kuka sa wa lamba.

Mushe mai ritaya: Shi ne, Kawu. Bambancin, naka yana tafiya da kai, nasu yana littafi. Ruwan garin nan an rubuta shi sama da shekara ɗari, shi ya sa ake iya cewa bana ta fi bara ko ta gaza. Hasashen damina gaba ɗaya kuma, wanda masanan yankin ke taruwa su fitar kowace shekara tun 1998, ba alkawari ba ne. Zafin ruwan tekun Atlantika da na Fasifik suke dubawa, su kwatanta da matsakaicin shekara 30, su raba zato uku: sama da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa. A misali su ce 45, 35, 20 cikin ɗari. Mai ji a kasuwar Dole sai ya riƙe 45, ya manta da 20.

Hajiya 'yar Zongo: To a 2024 fa? Mu da ruwa ya ci gidaje, har tsohon masallacin Birni ya faɗi farkon Satumba?

Mushe mai ritaya: Hajiya, wannan shekarar ce ma hujjata. Tun kafin damina ta sauka hasashen ya ce ruwa zai yi yawa a Sahel, a yi hattara da ambaliya. An faɗa. Yashe lambatu da gyaran ginin ƙasa kuwa ba aikin mai awon ruwa ba ne.

Kawu na Mirya: An faɗa wa wa? Da wane harshe? Takardar da suke fitarwa kowane kwana goma da Faransanci take. Ni ban yi lakwal ba, jikana ke karanta mini abin da kuke rubutawa nan, shi ke rubuta nawa. Shamuwa kuwa har gida take zuwa.

Malamar gona: Nan kam ka kama mu, Kawu. Gidajen rediyon karkara suna fassarawa, amma ba kullum ba, ba ko'ina ba. Kuma ma'aunin kansa ya yi ƙaranci. Ruwan Sahel ka san halinsa, ya jiƙa gonarka ya bar ta maƙwabcinka, ma'aunin da ke filin jirgi ba zai ba da labarin Dogo ko Gafati ba. Akwai na roba mai sauƙi da ake kafawa kan sanda a fili, nesa da itace da katanga, a karanta da safe a zubar. Jikan nan naka zai iya riƙe littafinsa.

Kawu na Mirya: Ki zo da shi ranar Lahadi, kasuwar Mirya. A kafa shi nesa da tsamiyar, kada shamuwa ta yi kashi ciki ku ce ruwa ne. Amma iri dai na riga na fiddo.

Na Tanut: Malama, in akwai biyu a ajiye mini ɗaya. Nawa ne?