Wanda ya taɓa sa kuɗinsa a cinikin hannun jari na yau-saye-gobe-sayar, ya zo ya faɗa mana yadda ta kaya

Baban Walid, Mabera
Assalamu alaikum. Ƙanena ya gama bautar ƙasa, ya tara naira dubu 400 daga alawus da ɗan ɗinkin da yake yi. Yanzu ya kafe sai ya zuba su a kasuwar hannun jarin Amurka ta waya, har da wani abu wai shi ofshan. Wani abokinsa ne ya nuna masa hoton ribar da ya ci a mako ɗaya. Ni ban san kan abin ba, shi ya sa na kawo nan. Don Allah wanda ya sa kuɗin aljihunsa kawai nake son ji, ban da "na ji an ce".

Ɗan Runjin Sambo
Wa alaikumus salam Yaya. Ni na yi ofshan wata bakwai, bari in fara da fassara shi. Kamar kafin alƙalami ne. Ka ga rago a Kara, ka ba da wani abu a riƙe maka shi a farashi kaza zuwa Juma'a. In rago ya yi tsada kafin ranar, ka ci riba. In bai yi ba, abin da ka bayar ya tafi, ba rago ba kuɗi. A Amurka takarda ɗaya tana wakiltar hannun jari 100, saboda haka in ka ga an rubuta dala 2.10, dala 210 za ka biya.

Haka na sayi guda biyu, dala 420, ana gobe wani kamfani zai bayyana ribarsa ta wata uku. Hasashena farashi zai hau, kuma ya hau ɗin. Na kwana ina lissafin babur. Da aka buɗe kasuwa sai na tarar takarduna sun koma dala 180. Na ɗauka manhajar ce ta rikice. Ashe kafin sanarwa kowa na tsammanin babban motsi, sai a tsawwala wa ofshan kuɗi, da an yi sanarwa kumburin ya sace. Hawan da aka yi bai kai wanda na riga na biya kuɗinsa ba. Ka canka daidai, ka kuma yi asara. Wannan ba wanda ya gaya min sai da ta faru da ni.

Abu na biyu, ofshan albasa ce a rumbu, kullum cikin raguwa take ko kasuwa ba ta motsa ba. Wadda ta rage kwana biyu ta ƙare kuwa, ruɓarta ta fi sauri, kuma ita yara suka fi saye don ta fi araha.

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa
Baban Walid, ka gaishe da yaron. Mu munka ga irin wagga rana tun 2008. Lokacin kowa hannun jarin banki ya kai saye, bankuna da kansu ka ba mutane bashi su sayi jari. Ma'aunin farashin kasuwar hannun jari ta Legas ya wuce 66,000 a watan Maris na shekarar, kafin shekara ta zagayo ya komo wajen 20,000. Ni da bashi na shiga. Jari ya narke, bashi na nan bai rage ko kwabo ba, sai da na sai da fili a hanyar Dundaye na biya. Wanda na saya da kuɗɗina kuwa, na simintin Kalambaina, ban taɓa shi ba. Da anka haɗe kamfanin ya koma BUA Cement a 2020 anka musanya min takarduna, har yau ina karɓar rabon riba. Ba ni da wayon wanga zamani, amma ka tambaye shi: in kuɗɗin nan sunka ƙare gaba ɗaya, keken ɗinkinai na nan?

Maman Hanif, Arkilla
Ni malamar lissafi ce, sai ga shi lissafin da nake koya wa 'yan aji biyu ne ya kayar da ni. Kwasar adashina na sa, dubu 300, a kasuwarmu ta gida. Wata uku suka koma 150. Na ce ai rabi na rasa, rabi zan nema. Ina! Mai 150 sai ya ninka kuɗinsa cif kafin ya koma 300. Faɗuwar kashi 50 hawan kashi 100 take nema. Faɗuwar kashi 20 kuwa 25 kawai take nema, shi ya sa gara a fita da wuri.

Wani abin da ya ba ni mamaki: a kasuwar Legas farashi ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa a rana ɗaya. Da na ɗauka kariya ce. Ranar da wani ƙaramin kamfani da na saya ya fara gangarowa, kullum sai ya faɗi goman nan ya tsaya, masu sayarwa sun yi layi, mai saye babu. Kwana huɗu ina kallo ba halin fita.

Yanzu dokata ɗaya: ciniki ɗaya ba zai ci min fiye da kashi 2 na jarina ba. In jarin dubu 200 ne, dubu 4 ke nan. Tun kafin in saya nake rubuta inda zan fita a littafi, da dalilin shiga. Wata 14 ina haka. Na duba littafin jiya saboda wannan tambayar: ciniki 61, na ci 27, na faɗi 34, abin da ya rage bayan kuɗin dillali da caji dubu 23. A wata 14 fa. Maƙwabciyata mai sayar da zoɓo da kunun aya ta fi ni samu nesa ba kusa ba, kuma ita tana barci.

Baban Walid, Mabera
Malama, dubu 23 a wata ko gaba ɗaya?

Maman Hanif, Arkilla
Gaba ɗaya, Baban Walid. Ka nuna masa haka yadda na rubuta.

Injiniya, Gawon Nama
In ƙara kan maganar Malama. Akwai umarnin da ake ba manhaja cewa in farashi ya sauko wuri kaza ta sayar, mu birki muke ce masa. Yana da amfani, amma ba ya kamawa in kasuwa na rufe. Nawa na sa shi a dala 50, aka kwana da mummunan labari, aka buɗe a 41, a nan aka sayar min. Kada a ce sai ƙananan kamfanoni: Meta ya faɗi kashi 26 a rana ɗaya a Fabrairun 2022, Nvidia ya faɗi kusan kashi 17 ranar 27 ga Janairun 2025.

Sai lokaci. Kasuwar Amurka tana buɗewa 2:30 na rana agogonmu, lokacin sanyinsu 3:30, ta rufe 9 ko 10 na dare. La'asar, Magariba da Isha duk a ciki suke. Na sha yin sallama ina laluben waya a aljihu, abin kunya. Ga sabis da ke ɗaukewa daidai lokacin da kake son fita, ga wuta. Watan Afrilu ana zafin nan namu wayata ta taɓa kashe kanta ina tsakiyar ciniki.

Kuma yaron ya riƙa lissafi da dala, ba naira ba. A Yunin 2023 da aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700. Na buɗe asusuna na ga ya kumbura a naira, har na yi wa abokai shagalin balangu. Da na duba da dala, ƙasa nake da abin da na zuba.

Ɗan Kofar Rini
Ni masu sayar da sigina, wato masu gaya maka abin da za ka saya da lokacin sayarwa, sunka cinye ni. Dubu 15 duk wata a Telegram. In kira ya ci su buga hoto, in ya faɗi su goge saƙon. Ran da na tambayi ina na jiya, anka fitar da ni. Hoton da abokin ƙanenka ya nuna mai, a ce ya buɗe tarihin asusun na wata shida a gabanku, ba hoto ba.

Malam Ƙarami, Gidan Igwai
Ban yi ofshan ba, na dai kusa, har na buɗe asusu. Abin da ya tsayar da ni: Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce wannan ciniki bai halatta ba, don abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba kuma amfanin wata dukiya ba. Misalin Ɗan Runjin Sambo ma, a mazhabar Malikiyya kafin alƙalamin da ke ƙonewa in an fasa ciniki ba a yarda da shi ba. Hannun jari kansa hukuncinsa daban, ana duba sana'ar kamfanin da yawan bashin ruwan da ke kansa. Ni sukuk na Gwamnatin Tarayya na koma, wato takardar zuba jari marar ruwa bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara a 2017. Ya dai je ya zauna da malaminsa kafin ya taɓa komai.

Ɗan Runjin Sambo
Allah ya gafarta Malam, da na ji wannan tun farko da dala 240 ɗina na nan.

Baban Walid, Mabera
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na miƙa masa wayar ya karanta da kansa bayan Isha. Bai ce ya fasa ba. Mun dai tsaya a kan zai sayi injin sufilar da ya daɗe yana magana da dubu 340, ya bar ofshan, ya gwada hannun jari zalla da 60 ɗin da suka rage, kuma zai riƙe littafi irin na Malama in riƙa dubawa duk ƙarshen wata. Abokin nasa kuma mun ce ya zo da wayarsa ranar Asabar, ya ce yana da tafiya Illela.

Malama, littafin naki layi nawa kike ja a shafi, kuma me da me kike rubutawa a kowanne?