Ina son in ninka girman tsohuwar roka mai hawa biyu

Ɗan Zariya:
Salamu alaikum. Na samu tsohon zanen ƙaramar rokar wasa ta kamfanin Estes, mai hawa biyu (wato kashi biyu, na ƙasa da na sama, kowanne da injinsa), faɗin bututunta wajen milimita 25. Ina son in ninka ta biyu. Bututun kwali na samo wurin mai sayar da yadi a babbar kasuwa, kan rokar kuwa wani kafinta zai fere mini. Tambayata: in ninka kowane awo kawai, shi ke nan?

Malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Awo ka ninka biyu, amma nauyi zai iya kai ninki takwas in komai ya yi kauri. Kwalin yadin nan nauyi gare shi, ka auna tukuna. Injin hawan ƙasa dole ya zama marar jinkiri, irin D12-0, don da ya ƙone zafinsa ke kunna na sama. In akwai tazara tsakaninsu, ka huda ƴan ramuka iska ta fita, in ba haka ba hawan ya rabu kafin wuta ta kama.

Tsohon kafinta:
Icen rimi za ka ce kafintan ya fere, ba maɗaci ba, don rimi ya fi rashin nauyi. Kuma ka ɗaura wa rokar igiya daidai inda nauyi ya daidaita, ka kaɗa ta. In kanta ya yi gaba, madalla. Ka gwada haɗe, ka gwada hawan sama shi kaɗai.

Ɗan Zariya:
Na gode Baba. Malam, injin fa, in haɗa da albarushi?

Malamin kimiyya:
Kul! Na kamfani kawai. Kuma ban da harba ta kusa da karan gero, yanzu hunturu ne.