Allurar sinadarin girma ga yara: abin da aka tsayar

A zaman da wasu iyaye suka yi da likitocin yara kan yaran da jikinsu ba ya samar da isasshen sinadarin girma, tambayar da ta fi yawa ita ce: nawa za a ba yaro?

Likitocin sun ce da nauyin yaro ake lissafi. Ana farawa da miligiram 0.16 zuwa 0.24 na somatropin, wato maganin sinadarin girman, a kan kowane kilo a mako, a raba shi kwana 7. Ke nan yaro mai kilo 20 zai samu miligiram 3.2 zuwa 4.8 a mako. Allura ce ƙarƙashin fata, da daddare, a riƙa canza wuri tsakanin cinya, ciki da ɗuwawu.

Duk wata 3 zuwa 6 a auna tsawo da nauyi, a duba IGF-1 a jini, wato wani sinadari da ke nuna yadda maganin ke aiki a jiki. Da sakamakon ne likita ke ƙarawa ko ragewa. Wata uwa ta ce ta so ninka adadin don ta ga ci gaba da sauri, nan take aka hana ta.

Maganin yana son sanyin firiji, digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare. Mu da wuta ba ta zama, sai an tanadi kula mai ƙanƙara a ciki.

Ciwon kai mai tsanani da amai, ko ɗingishi da ciwon ƙugu, a garzaya asibiti. Ana tunanin dainawa idan ƙaruwar tsawo ta gaza kamar santimita 2 a shekara.